Ƙotar Bindigar Toka Tsakanin Itace da Roba: Nazari daga Gwandu da Kalgo

Tsakure

Maƙalar ta dubi ƙotar bindigar toka, wato ɓangaren da ake riƙewa a dafa a kafaɗa, a matsayin kayan al'ada da ke haɗa maƙeri da masassaƙi da baduku. An taƙaita nazarin ga Gwandu da Kalgo a jihar Kebbi. An dogara ga ƙamusoshin Hausa da ayyukan tarihin Daular Sakkwato da dokokin makamai, tare da ƙwanƙwance halayen itace da fata da roba. Maƙalar ta fito da hanyoyi uku da roba ke shiga jikin ƙota, ta auna kowace da aikin da ƙota ke yi. An gano cewa roba tana da amfani a matsayin matashin kafaɗa, amma a matsayin ɗauri tana ɓoye tsaga tana tara danshi, a matsayin ƙota sukutum kuma tana rage nauyin da ke danne shurin bindiga. Maƙalar ta tsaya a kan cewa sauya ƙota da busasshen itace mai miƙaƙƙiyar jijiya, a hannun mai izinin gyara, shi ya fi dacewa da lafiyar maharbi da ɗorewar sana'a.

Fitilun Kalmomi: ƙota, bindigar toka, sassaƙa, roba, Gwandu, Kalgo

1.0 Gabatarwa

Idan aka yi zancen bindigar gargajiya a nazarin Hausa, hankali yakan tafi ga ƙira da farauta da tsafe-tsafen maharba. Ƙarfen bindiga da maƙerinsa su ke kwashe kaso mafi tsoka, itacen da ke ɗauke da ƙarfen kuwa a wuce shi da jimla ɗaya. Alhali a wajen mai bindiga, ƙota ce ke taɓa jikinsa. Ita yake rungumewa, ita ke karɓar bugu idan wuta ta tashi, kuma ita ce ɓangaren da ya fi saurin lalacewa. Bututu ɗaya yana iya cinye ƙota biyu ko uku kafin a jingine shi.

A yau roba ta mamaye kayan amfanin Bahaushe. Ta ture ƙwarya da akushi da butar duma daga gidaje da yawa, kuma ba ta bar kayan farauta ba. Manufar wannan maƙala ita ce amsa tambaya guda: idan ƙota ta tsage ko ta ruɓe, ko kuma aka sami bindiga da ƙotar roba, mene ne gyaran da ya dace, kuma me zaɓin ke nunawa game da sana'o'in gargajiya a ƙasar Gwandu? Maƙalar ba ta shiga batun ƙirar bututu ko haɗa albarushi ba.

2.0 Farfajiyar Nazari

Gwandu da Kalgo ƙananan hukumomi ne daga cikin 21 da jihar Kebbi ke da su, kuma dukkansu suna ƙarƙashin masarautar Gwandu. An ƙirƙiro jihar daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Garin Gwandu shi ne inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka zauna daga 1805, daga baya ya zama cibiyar yammacin daula a hannun Malam Abdullahi Ɗanfodiyo, wanda hubbarensa ke garin. Fadar sarkin Gwandu a yanzu tana Birnin Kebbi. Kalgo kuwa tana kudu da Birnin Kebbi, a mahaɗar hanyoyin Jega da Bunza, kusa da fadamar gulbi inda ake noman shinkafa.

Bambancin muhallin wuraren biyu yana da tasiri ga batun ƙota. Ƙasar Gwandu ta fi tudu da bushewa. Maharbin Kalgo kuma yana shiga fadama da raɓa da laka. Duk da haka yanayi ɗaya ke juya su: damina mai danshi daga wajen Yuni zuwa Satumba, hunturu mai busar da komai, sai bazara da zafinta ke haura digiri 40. Duk abin da za a yi ƙota da shi sai ya jure waɗannan sauye-sauye uku a kowace shekara.

3.0 Waiwaye a kan Bindiga a Ƙasar Gwandu

Yaƙe-yaƙen farko na jihadi, irin su Tabkin Kwatto a 1804 da Alwasa a 1805, an yi su ne da baka da kibiya da mashi da takobi. Bindiga ta riga ta shigo yankin kafin nan. Ibn Fartuwa ya ambaci 'yan bindigar Mai Idris Alauma na Borno a ƙarni na 16, Tarihin Kano kuma ya danganta shigo da bindigogi daga Nupe da zamanin Sarki Kumbari a ƙarni na 18. Sai dai yawanta bai kai ta sauya salon yaƙi ba. Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a fagen daga a 1826, ya nuna cewa masu bindiga 'yan kaɗan ne a cikin dubban mayaƙa.

Smaldone (1977) ya nuna cewa sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 bindiga ta yawaita, musamman ta hanyar kogin Kwara. A nan Gwandu ta sami matsayi na musamman, domin Nupe da Ilori da Yawuri suna ɓangarenta na daula. Etsu Masaba na Bida, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1873, ya riƙe cinikin bindiga da albarushi tsakaninsa da Turawan kogi. Bindigogin da ake kawowa yawancinsu ƙirar Birmingham ta Ingila ne da Liège ta Beljiyam, masu rahusa da aka ƙera musamman domin kasuwar Afirka.

Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu da tsakiyar duniya, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara mai santsin ciki. Ƙasar Gwandu tana cikin wannan shiyya. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, mulkin mallaka ya bi wannan tsari. Ta haka bindigar ɗuri ta baki ta tabbata a matsayin bindigar talaka. Da yake kayan gyara ba sa zuwa daga Turai, maƙera da masassaƙa suka karɓi aikin, har suka iya fitar da bindiga daga farko zuwa ƙarshe. Ƙota ce ɓangaren da ya fara zama ɗan gida, domin itace yana daji kuma gizago yana hannu.

4.0 Sunaye da Kalmomi

Kalmar bindiga aro ce daga Larabci, haka ma albarushi da harsashi. Sassan bindigar kuwa da kalmomin gida aka raɗa musu suna, ta hanyar faɗaɗa ma'ana. Ƙota, wadda wasu ke kira ɓota, asalinta mariƙin fartanya ce da gatari da gizago. Kunama sunan ƙwaro ne, aka ba abin da ake ɗanawa, wataƙila saboda lanƙwasarsa da saurin sararsa. Baki da hanci da gindi daga sassan jiki aka ɗauko su. Wannan rabo yana da ma'ana: baƙon abu ya zo da sunansa, amma hannun da ya gyara shi ya kira sassansa da harshen gona da na jiki.

Ita kanta bindigar tana da sunaye da dama. Ana ce mata bindigar toka, da adaka, da bindigar baushe, da harba-ruga. Na ƙarshen harɗaɗɗen suna ne mai tushen aikatau, irin faɗi-ka-mutu, kuma yana bayyana halinta: harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri.

Kalmar roba kuwa tana ɗauke da matsala ga mai nazari. A bakin Bahaushe, tiyub na taya roba ne, bokiti roba ne, bututun ruwa roba ne, ƙotar bindigar kamfani ma roba ce. Waɗannan abubuwa huɗu halayensu sun sha bamban ƙwarai. Wanda ya ji cewa bindigogin sojoji suna da ƙotar roba yana iya zaton kowace roba za ta yi aikin. Haɗuwar suna ta haifar da zaton haɗuwar hali, kuma daga nan kuskuren gyara yake farawa.

5.0 Aikin Ƙota

Ƙota tana da ayyuka huɗu. Na farko, ita ce shimfiɗar da bututu ke kwanciya a kai, kuma a jikinta ake dasa kunama da sauran ƙarafan tayar da wuta. Idan mazauninsu ya yi sako-sako, kunama ba za ta sari inda ya kamata ba, ko ta kuɓuce ba a shirya ba.

Na biyu, ita ke karɓar turin da bindiga ke yi baya yayin harbi, wanda za a kira shuri a wannan maƙala. Shuri yana fitowa daga gindin bututu, ya bi ta siririn wurin da hannu ke kamawa, wato wuyan ƙota, ya sauka a kafaɗa. Wuya shi ne wuri mafi rauni, domin a nan itace ya fi sirancewa, a nan kuma ya lanƙwasa.

Na uku, nauyinta yana danne shurin. Ƙa'idar kimiyyar lissafin motsi ta nuna cewa idan ɗuri bai sauya ba, ƙarfin shuri yana ƙaruwa daidai gwargwadon raguwar nauyin bindiga. Misali, bindiga mai kilo 4 da aka sauya wa ƙota ta koma kilo 3, ƙarfin da za ta sauke a kafaɗa zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Abin da mai ɗauka ya ji a matsayin sauƙi a kan hanya, zai biya shi a lokacin harbi.

Na huɗu, ƙota ce ke daidaita bindiga da jikin mai ita. Tazarar gindi zuwa kunama, da yadda gindin ya sunkuya ƙasa da layin bututu, su ke sa ido ya faɗa kan saiti da zarar an ɗaga. Masassaƙin da ya san mai bindiga yakan auna da damtsensa da tsawon wuyansa. Wannan ne ya sa bindigar gado takan ƙi magaji har sai an rage ko an ƙara mata gindi.

Bayan waɗannan akwai aikin al'ada. A jikin ƙota maharbi ke ɗaura laya da wuri da guntun fata, a nan ake zane da ƙusoshin ado. Ƙarfe na maƙeri ne, amma ƙota ce ke nuna ko bindigar wane ce.

6.0 Itatuwan Ƙota

Itacen ƙota yana buƙatar siffofi da ba kasafai suke haɗuwa ba: tauri ba tare da gautsi ba, nauyi matsakaici, jijiya miƙaƙƙiya, da juriya ga gara. Maƙeran Turai sun tsaya a kan itacen walnat saboda ya haɗa su. A dajin ƙasar Hausa, wanda Dalziel ya tattara sunayen itatuwansa tun 1916, kowane itace yana da nasa rabo.

Ƙirya ta fi kowa tauri da jure gara, shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma suke son gawayinta. Aibinta nauyi da cin kaifin gizago. Marke yana da ƙarfi, an san shi a ƙotar fartanya da ginshiƙin ɗaki, amma yakan tsattsage idan ya bushe da gaggawa. Kanya tana da lallausar jijiya mai karɓar sassaƙa, kuma gara ba ta cika damunta ba. Aduwa, wadda ake allo da ita, tana da matsattsen jiki mai santsi. Ɗinya ba ta da nauyi kuma tana da sauƙin aiki, sai dai ba ta kai sauran ƙarfi ba. Maɗaci da madobiya su suka fi kusa da abin da ake nema ta fuskar nauyi da kyan launi.

Matsalar ita ce waɗannan itatuwa suna ƙaranci. Faɗaɗa gonaki da saran itacen girki da gawayi sun rage manyan bishiyoyi a yankin. Madobiya ta fuskanci sara mai tsanani a Afirka ta Yamma saboda kasuwar Sin, har aka sa ta a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES daga 2017. Abin da ya yawaita yanzu shi ne dogon yaro, baƙon itace da aka shigo da shi a zamanin mulkin mallaka, da katakon kasuwa da ba a san asalinsa ko lokacin da aka sare shi ba. Ƙarancin itacen kirki shi ne babbar ƙofar da roba ta shigo ta cikinta.

Akwai kuma batun bushewa. Itace ba ya raguwa a tsawonsa sai abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a faɗinsa yana iya raguwa da kashi 4 zuwa 10 daga ɗanye zuwa busasshe. Ƙotar da aka sassaƙa da ɗanyen itace a ƙarshen damina za ta matse a hunturu, ƙarfen da ke cikinta kuwa ba ya matsewa tare da ita. Sakamakon shi ne tsaga a kewayen ƙusoshi da bayan gindin bututu.

7.0 Shigowar Roba

7.1 Roba a Matsayin Ɗauri

Wannan ita ce hanya mafi yaɗuwa. Idan wuyan ƙota ya tsage, ko zoben da ke riƙe bututu ya saki, sai a yanko tiyub na babur a naɗe wurin tam, wani lokaci a bi da salatif. Kafin zuwan tiyub, ɗanyar fata ake jiƙawa a ɗinke a wurin. Bambancin biyun a bayyane yake. Ɗanyar fata tana matsewa yayin da take bushewa, ta ƙanƙame itacen ta zama kamar ƙashi. Tiyub kuwa miƙewa ce ɗabi'arsa. Yana riƙe sassan wuri ɗaya idan bindiga tana rataye, amma a lokacin shuri yana ba da hanya, tsagar ta buɗe ta rufe, kowane harbi yana ƙara mata tsawo.

Illa ta biyu ta fi ta farko haɗari. Tokar albarushi tana jan danshi kuma tana cin ƙarfe, shi ya sa ake wanke bututu da ruwa. Ruwan wanki da raɓar fadama da gumin hannu suna shiga ƙarƙashin naɗin roba su kasa fita. Itace ya ruɓe, bututu ya yi tsatsa daga waje a daidai gindinsa, inda ƙarfin wuta ya fi taruwa. Duk wannan yana faruwa a ɓoye, domin naɗin ya rufe wurin da ya kamata ido ya riƙa dubawa. Fashewar bindiga a hannun mai ita, wadda kan ci yatsu ko ido, tana da sabubba da yawa, kuma tsatsar da ba a gani ba tana cikinsu.

7.2 Roba a Matsayin Matashi

A nan roba ta yi rawar gani. Guntun taya ko tafin silifa da aka yanka daidai gindin ƙota aka kafa yana tausasa saukar shuri a kafaɗa, yana hana gindin zamewa a kan riga, yana kuma kare ƙarshen itace daga danshin ƙasa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga bindigar ɗuri ta baki, domin a tsaye ake ɗura ta, gindinta a ƙasa. Ta ƙarshen jijiya itace ya fi shan ruwa. Haka kuma matashin yana ba da damar ƙara tsawon ƙota ga mai dogon hannu ba tare da sabuwar sassaƙa ba.

7.3 Ƙotar Roba Sukutum

Ƙotar roba ta kamfani tana da tarihinta. Kamfanin Remington na Amurka ya fitar da Nylon 66 a 1959, kuma daga 1985, lokacin da Knight ya fito da sabon salon bindigar ɗuri ta baki, irin wannan ƙota ta yaɗu a tsakanin mafarautan Amurka. Robar da ake amfani da ita an ƙarfafa ta da zaren gilashi, an kuma zuba ta daidai jikin ƙarfen da za ta ɗauka. Ba ta kumbura da damina, ba ta matsewa da hunturu, gara ba ta cin ta. Duk da haka, masu rahusa daga cikinsu holoƙo ne, ba nauyi, suna lanƙwasa a gaba, suna ƙara kamar ganga idan reshe ya taɓa su. Shi ya sa masu su a can suke cika cikinsu da wani abu mai nauyi, ko su cire su su sa ta itace.

Darasin da ke nan ga maharbin Gwandu da Kalgo biyu ne. Na ɗaya, ƙotar kamfani da aka ciro daga wata bindiga ba a yi ta domin bututun maƙeri ba. Bindigar maƙeri kowace da girmanta, ba biyu da suka zo daidai, roba kuma ba ta karɓar gyaran gizago yadda itace ke karɓa. Na biyu, robar bututun ruwa da ta kujera ba su kusanci wannan aiki ba. Bututun ruwa na roba yana fara laushi idan zafi ya wuce digiri 60, hasken rana yana sa shi gautsi, idan ya karye kuma tarwatsewa yake yi da kaifi. Itace yakan yi gargaɗi da tsaga kafin ya rabu. Robar da ta ƙone da rana ba ta gargaɗi.

8.0 Sauya Ƙota

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idojin da gyara nagari ke bi. Farko shi ne tabbatar da cewa bindiga ba ta da ɗuri. Bindigar toka ba a buɗe ta ta baya a gani, don haka ana zura sandar ɗuri a cikin bututu a gwada tsawon da ta shiga da tsawon bututun daga waje. Tsohon ɗuri yana iya tashi bayan shekaru.

Na biyu, a kwance duk wani naɗi, a raba ƙarfe da itace, maƙeri ya duba gindin bututu. Idan tsatsa ta ci shi, sabuwar ƙota ba ta da amfani, bindigar ta gama aiki. Na uku, a bambance tsagar da ke gyaruwa da wadda ba ta gyaruwa. Tsaga a gaban ƙota, ƙarƙashin bututu, tana karɓar gam mai ƙarfi da ɗaurin fata. Tsagar da ta ratsa wuya, ko ruɓa a mazaunin kunama, hukuncinta sauyi.

Na huɗu shi ne zaɓen itace. A nemi wanda ya bushe a inuwa, ya ga damina da hunturu aƙalla sau ɗaya bayan sara, ba shi da ƙulli a inda wuya zai faɗo. Jijiyar itacen ta bi tsawon wuyan, kada ta ratsa shi a karkace. Masassaƙan ƙotar fartanya sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke neman reshen da ya lanƙwasa da kansa maimakon su yanko lanƙwasa daga miƙaƙƙen gungume. Ilimin gona ne ya koma kan bindiga, kamar yadda kalmar ta koma.

Na biyar, a fara da kwarmin bututu da mazaunin kunama tun itacen yana da kauri, siffar waje ta zo daga baya. Gindin bututu ya zauna daram a jikin itace ba tare da rata ba, domin rata ce ke mayar da turi ya zama duka. Ana shafa baƙin tukunya a ƙarfe a danna, inda ya bar shaida a rage da magagari, har ya kwanta ko'ina. Na shida, a shayar da itacen mai, ciki da waje, musamman kwarmin da ƙarfe zai rufe. Daga nan baduku ya yi nasa: maratayi da ɗaurin fata inda ake buƙata. Matashin roba a gindi shi ne wurin da sabon abu ya cancanci zama.

9.0 Doka da Halin Tsaro

Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, ta sa na ɗuri ta baki a kashi na uku. Dokar ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon wajabta lasisi a kansu, ta kuma hana ƙira da gyara sai da izinin Sufeto Janar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta nemi ƙasashe su yi rajistar masu ƙira na gida, su kuma sa alama a kan abin da suka ƙera. Sauya ƙota gyaran makami ne, don haka yana ƙarƙashin waɗannan tanade-tanade.

Batun ya wuce farautar zomo da zabi da harbin bikin salla. A shekarun nan bindigar toka ta koma hannun 'yan banga da 'yan sa-kai a sassan jihar Kebbi. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai sama da 60 a wani kwanton ɓauna a masarautar Zuru. Wannan yanayi ya sa hukuma tana kallon duk mai taɓa bindiga da idon zargi, masu sana'a kuma suna janyewa ko suna ɓuya. Idan gwani ya ɓuya, mai bindiga yakan koma gyara da kansa, da tiyub da waya. Rajistar masu gyara ta hannun sarakunan sana'a, irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Baka, za ta amfani hukuma da maharbi baki ɗaya.

10.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na farko, ƙota ita ce ɓangaren bindiga da ya fara zama na gida, a aikace da kuma a harshe. Na biyu, kalmar roba ta tattara abubuwa masu halaye mabambanta, kuma wannan yana ruɗar masu gyara. Na uku, darajar roba ta danganta da gurbin da aka sa ta: tana da kyau a gindi, tana da haɗari a wuya da kan bututu. Na huɗu, ƙarancin ƙirya da kanya da madobiya da maɗaci, tare da janyewar gwanaye, su ne tushen yaɗuwar gyaran roba, fiye da wani fifiko da robar ke da shi.

Maƙalar tana ba da shawarar sassan nazarin Hausa, musamman na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, su taskace kalmomin sassan bindiga da na sassaƙa a karin harshen yankin daga bakin tsofaffin masu sana'a. Haka kuma shirye-shiryen dashen itatuwa su haɗa da itatuwan sana'a na gida, kada a tsaya ga dogon yaro kaɗai.

11.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi ƙotar bindigar toka daga shigowar bindiga ƙasar Gwandu ta hanyar Nupe zuwa halin da take ciki a yau. An nuna ayyukanta, da itatuwan da suka dace da ita, da gurabe uku da roba ta samu a jikinta. Abin da ya tabbata shi ne, ingancin ƙota yana rataye ga abubuwa uku: busasshen itace mai miƙaƙƙiyar jijiya, zama daram tsakanin ƙarfe da itace, da barin wuraren haɗari a buɗe inda ido zai gan su. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ta ba roba hanya ta faro ne daga dajin da ya ƙare da masassaƙin da ya ajiye gizago, kuma daga can gyara mai ɗorewa zai faro.